Ni da Shawish a Cikin Asansir

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara zuwa gaishe da surukina ba, ko da na so in manta, domin har yau akwai mutane a Ruwais, unguwarmu a Jidda, da ba su riƙe sunana ba amma sun san yadda muryata take idan ina kuka.

A lokacin ina tuƙa wayit, wato motar nan mai tanki da ke kai wa gidaje ruwa a Jidda. Ban daɗe sosai da barin Damagaram ba, ina zaune wurin Kawu Sule, ƙanin mahaifiyata, mai aikin lodi a tashar jiragen ruwa. Matarsa ce ta nuna mini Sumayya. 'Yar Hausawan Sudan ce, an zo da ita Jidda tana goye, Hausarta rabi da rabi, amma in ta yi dariya ba ka bukatar tafinta. Na gan ta, ta gan ni, mata suka gama nasu ƙulle-ƙullen, saura abu ɗaya: in je gaban mahaifinta.

Sunansa Ɗahiru, amma kowa Shawish yake ce masa, muƙaminsa na soja. Dogo ne siriri, yana ɗingisa ƙafar hagu, yana gyaran injin manyan motoci a wani gareji. Duk Ruwais an san ya tuƙa tankar yaƙi, wadda suke kira dabbaba, a yaƙin kudancin Sudan. Sai dai ba wanda ya taɓa jin haka daga bakinsa, har 'ya'yansa. Mutum ne da za ka gaishe shi da jimla biyar ya amsa da kalma ɗaya.

Tun a mota Kawu yake ja mini kunne. "Ka san bakinka ba shi da birki. Ka gaishe shi, ka ci abinci, ka yi shiru. Kada ka kuskura ka ɗauko maganar yaƙi."

Na ce to.

Ba a gidan Shawish aka yi zaman ba, saboda gidan ƙarami ne. A wurin babban ɗansa Usman aka yi, a unguwar Safa, can saman wani dogon bene. Nan ne matsalata ta fara. Ni ina tsoron rufaffen wuri. Muna yara yayyena sun taɓa rufe ni cikin rumbu da sunan wasa, suka tafi kallon dambe suka manta da ni, tun ranar ko bayi na shiga sai na bar ƙofa a ɗan buɗe. Shi kuwa ɗakin ƙarfen nan da ke hawa da mutane bene, wanda mu da mutanen Jidda muka haɗu a kan kiransa asansir, ba na shigarsa sai dole. Ranar na shiga bayan Kawu, na rufe ido, na yi ta salati har muka isa. Ba wanda ya lura.

An yi mana karɓa ta mutunci. Ga shinkafa da rago, ga Usman da ƙaninsa Yaƙub suna ta hidima, ga wasu dattawa abokan Shawish. Shi yana zaune kusa da taga, wadda ya buɗe duk da sanyin na'ura, yana kallona kamar injin da aka kawo masa gyara. Shirun ya yi mini nauyi. Sai wani dattijo ya tambaye ni sana'ata, ni kuma don in sa a yi dariya na juya wajen Shawish na ce, "Ai Baba ni da kai sana'armu ɗaya. Ni ma direban tanka ne."

Ba wanda ya yi dariya. Kawu ya ajiye lomar da ya ɗauko. Shawish ya dube ni ya ce, "Allah ya sa taka ta riƙa kai ruwa kawai." Ya ci gaba da cin abincinsa.

Daga nan ban ƙara sanin ɗanɗanon ragon ba. Tunanina ɗaya, yadda zan gyara ɓarnar da na yi.

Da aka kira la'asar maza suka tashi za a tafi masallacin unguwa. Asansir ɗin ƙarami ne, aka riƙa sauka rukuni-rukuni. Na tsaya sa takalmi, da na ɗago sai na ga saura ni da Shawish, shi kuma ya juya ya nufi matakala yana jan ƙafa. Nan na ga dama ta samu. Na yi wuf na tare ƙofar asansir, na ce, "Haba Baba, da ƙafar nan za ka sauka bene mai tsawo haka? Ina tsaye? Wallahi ba za a yi haka ba."

"Bar shi, ya waladi. Na saba." (Ya waladi wato ɗana, da Larabci.)

"A'a Baba, don Allah. Bismillah."

Na rantse, na sake rantsewa, har na ɗan riƙo hannun rigarsa. Ya tsaya ya dubi cikin ɗakin ƙarfen, ya dube ni. Sannan ya shiga, ya tsaya daf da ƙofa, ya haɗa hannuwansa a baya. Ni kuma na bi shi ina jin kaina ɗan halak mai tarbiyya. (Wato matsoraci ya tura wani cikin abin da shi kansa yake tsoro, don a ce yana da ladabi.)

Mun sauka hawa biyu ko uku, sai abin ya yi wata girgiza, ya tsaya cak. Fitila ta mutu. Wata 'yar ƙarama ja ta kama a sama, fankar da ke kanmu ta yi shiru.

Da farko na yi ta maza. Na ce, "Yanzu zai tashi, Baba." Na danna wannan, na danna wancan. Na ciro wayata, babu layi ko ɗigo. Sai na ga wani maɓalli mai hoton ƙararrawa da 'yan ramuka a gefensa, na gane na magana da maigadi ne. Na danna na riƙe, na yi kira da Larabcina na direbobi. Shiru. Na sake kira. Shiru.

Zafin Jidda ba ya jiran a gayyace shi. Nan da nan sabuwar rigata ta manne a bayana. Na ji bangon ƙarfen yana matsowa, iska tana ƙarewa, ƙamshin turaren da na zuba ya koma warin tsohon gero na cikin rumbu. Abin da ya biyo baya zan faɗe shi yadda aka ba ni labari, domin ni kaina ban riƙe duka ba.

An ce da "Wayyo Inna" na fara. Daga nan na roƙi a kai gawata Damagaram. Na yafe wa yayyena. Na ce kada a kira hukuma domin iƙamata, takardar izinin zama, tana wurin kafili, Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa. Sannan na buɗe murya iya ƙarfina, a gaban mutumin da na zo neman 'yarsa, na ce, "Ni na fasa! Na fasa auren, ku buɗe ni in fita!"

Hannuna na dama yana kan maɓallin nan, na manta da shi. Da na hagu na fara cusa yatsu tsakanin ƙyauren ina neman ɓalle shi. Sai na ji an damƙe wuyan hannuna, damƙa irin ta maƙera.

"Ba za ka buɗe ba," in ji Shawish. Muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ba ka san abin da ke bayan ƙofar ba. Tsaya. Ja numfashi ta hanci. Saurare ni."

"Baba iska ta ƙare."

"Ba ta ƙare ba. Na san yadda take in ta ƙare. Saurara."

Sai ya fara magana, a hankali, yana kallon ƙyauren, ba ni ba.

Ya ce da damina ne, a kudu, inda ƙasa baƙa ce, in ta sha ruwa tana haɗiye mota. Su huɗu ne a cikin dabbaba: kwamanda, da mai harbi, da mai ɗura harsashi, da shi direba a ƙasa can gaba, inda ba ka ganin duniya sai ta wani gilashi kamar faɗin tafin hannu. Suna gaban ayari, hanya ɗaya tsakanin ciyawa da ta fi mutum tsawo. Sai nakiya ta tashi a ƙarƙashinsu. Sarƙar ƙafar dabbaba ta tsinke, ta karkace ta zauna cikin laka. A nan ƙafarsa ta karye. Motocin baya suka ja da baya, harbi ya taso daga cikin ciyawa ta ko'ina.

"Akwai ƙofa a ƙasa, ta gudu. Laka ta toshe ta. Kwamanda ya ɗaga ta sama don ya duba, ya dawo mana ba rai. Muka ja muka rufe."

Ni dai ina ta haki, amma na fara ji. (In ka ce labarin ya kwantar mini da hankali ka yi ƙarya. Mutum yana tsoron rufaffen wuri ana ba shi labarin kabari mai inji.)

Ya ce suka kashe inji don kada mai ya kama. Rana ta fito bayan ruwa, ƙarfe ya ɗauki zafi har ba a iya jingina. Warin gas, warin jini, ga gawar kwamanda a kan ƙafafun mai harbi. Harsasai suna bugun jikin dabbaba kamar ana jifan kwano da tsakuwa. Ruwan shansu ya ƙare kafin azahar. Suna jiran dare, ko a dawo a ɗauke su.

"Mai ɗura harsashin ɗan garinmu ne, Bahaushe, daga Gadarif. Tare muka shiga soja. Mahaifiyarsa ta ce mini, Ɗahiru ga ƙaninka nan. Jarumi ne a fili, amma rufi ba ya iyawa. Ya yi irin kukan da ka yi. Har Innar ma ya kira."

Na dubi fuskarsa cikin jan hasken nan, gumi yana zuba daga gemunsa, idonsa a rufe.

"Na ja jiki na riƙe shi kamar yadda na riƙe ka. Tun hantsi har rana ta karkata. Yana roƙona, yana cizona. Ƙafata tana ciwo, ƙishi ya gama da ni. Sai na ce a raina, shi ke nan, bari in huta kaɗan. Na sassauta. Ya ture ƙofa ya fita." Ya haɗiye yawu. "Bai kai ƙasa ba. Mu kuma kafin magariba aka zo aka fitar da mu. Da na ƙara haƙuri kaɗan, da tare za mu fito. Sunansa Yaƙub."

Na tuna saurayin da ya zuba mini ruwan wanke hannu ɗazu, ƙanin Usman.

"Don haka, ya waladi, ka yi kukanka, ka kira duk wanda za ka kira. Amma ba zan sake ka ba."

Bai sake ni ba kuwa. Muka tsaya a haka, ni ina shessheƙa, shi yana karanta abin da ya sawwaƙa, har muka ji motsi da ƙarar ƙarfe a samanmu. Aka ɓamɓare ƙyauren. Ashe tsakanin hawa biyu muka maƙale, hanyar fita tana daidai ƙirjinmu, ba ta fi mutum ya rarrafa ba. Shawish ya durƙusa da lafiyayyar ƙafarsa ya kafa mini gwiwa ya ce, "Yalla, maza taka." Zan so in ce na ƙi, na ce babba ne gaba. Ban ƙi ba. Na taka gwiwar surukina, na ƙara da kafaɗarsa, na fito da rub da ciki, hula ta faɗi, riga ta yage a hammata.

Da na ɗaga kai sai na ga ƙafafu. Duk mazan da suka sauka sun hawo, ga Kawu, ga dattawa, ga mai gyara da kayan aikinsa. A kan matakala ta sama kuma ga mata sun yi cirko-cirko cikin baƙaƙen abaya. Ba wanda yake kallona da dariya, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Usman da Yaƙub suka tsallake ni suka jawo mahaifinsu. Idon Usman ja wur. Yaƙub ya kama hannun tsohon ya sumbata, ya kasa saki.

Maigadin ginin, wani mutumin ƙasar Yaman, ya tsuguna kusa da ni ya ce da Larabci, "Ɗan'uwa, maɓallin nan dannawa ake a saki. Muddin kana danne da shi, kai kaɗai ke magana. Muna ta amsa maka, ba ka ji."

"Kuna jina?"

"Lasifikar tana bakin ƙofar shiga. Har masu wucewa a titi sun tsaya."

Wato tun daga "Wayyo Inna" har zuwa "Sunansa Yaƙub", ba abin da bai fita ba. Na tallata tsorona, na fasa aure a bainar jama'a, sannan na ɗauki sirrin da dattijo ya binne shekara da shekaru na watsa wa 'ya'yansa da abokansa da masu sayen burodi. Shawish ya ji bayanin maigadin. Ya dube ni, ya dubi 'ya'yansa, ya karkaɗe sawun takalmina daga kafaɗarsa. Ya ce, "La'asar tana wucewa." Ya bi matakala.

Muka kama hanyar gida, har muka kusa Ruwais. Na ce, "Kawu, yanzu yaya za a yi?"

"Yaya kuwa? Ka fasa. Ai duk mun ji."

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Abinci ba ya shiga. In waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Na kai ruwa gidan da ba su saya ba, na cika musu tanki suna ta godiya, mai ruwan na ainihi yana can yana zagin kafilina. Matar Kawu ta je gidan su Sumayya ta dawo ta ce ba a ce e ba, ba a ce a'a ba, Shawish ya shiga ɗaki da 'ya'yansa maza sun daɗe. Na fara tunanin ko in nemi canjin aiki zuwa wani gari inda ba a san muryata ba.

Ran Juma'a bayan an sauko, Yaƙub ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce Baba yana kira.

Na same shi a tsakar gidansa, kan tabarma, ƙofar waje a buɗe, iskar teku tana shigowa. Na durƙusa tun daga nesa. Na fara jero ban-haƙurin da na kwana ina haddacewa, ya ɗaga hannu.

"Zauna. Sha shayi." Ya tura mini kofi. "Tambaya ɗaya zan yi maka. Ka fasa, ko ba ka fasa ba?"

"Baba, wallahi ba ni ba ne, tsoro ne ya yi magana."

"Na sani. Ita yarinyar ce ta ce in tambaya, tana so ta ji da kunnenta." Ya nuna wani labule da haɓarsa. Labulen ya motsa.

Na ce da ƙarfi, ina fuskantar labule kamar mai ba da shaida a kotu, "Ban fasa ba." Aka yi wata 'yar dariya a ciki, aka gudu.

Sai na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, maganar da ta fita kuma, ka yafe mini. Ban san ana ji ba."

Ya daɗe yana juya kofinsa. "Ranar na yi fushi. Da na kama ka a matakala da ka san an yi soja." Ya kurɓi shayi. "Amma ɗana Yaƙub tun yana ƙarami yake tambayata sunan wa aka sa masa, ina ce masa wani abokina. Na sha shirya yadda zan faɗa, bakina ya ƙi. Jiya ya zauna nan inda kake, ya ce ko mai sunan nasa yana da sauran dangi a Gadarif. Akwai ƙanwarsa. Ban taɓa iya zuwa gabanta ba. Ya ce in an yi hutu zai raka ni."

Na sunkuyar da kai.

"Kuma kada ka ɗauka don kai na yi maganar nan. Tun da na bar soja ban shiga abin da ake rufewa da ƙarfe ba sai jirgin da ya kawo ni, sai ranar da ka rantse. Da na yi shiru a ciki, da ni zan riga ka kiran Inna."

"To Baba me ya sa ka shiga?"

"Kai me ya sa ka shiga?"

Bai jira amsa ba. Ya ce in turo Kawu a sa rana.

An ɗaura aure bayan Babbar Salla. A wurin walima abokaina direbobi suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya suna raɗa mini "Wayyo Inna" a kunne, ni kuma ina murmushin ango ina cewa na gode. Sumayya ta fi su iyawa, domin ita har da shessheƙar take kwaikwaya, kuma duk ranar da muka saɓa sai ta ce, "To ka fasa mana, ai ka saba." Shawish ya je Gadarif ya dawo. Bai ba ni labarin abin da aka yi a can ba, ni ma ban tambaya ba, amma daga baya in an zauna yakan ɗan taɓa hirar soja, musamman yadda suke gasa burodi a kan murfin inji.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma na biya shi da tsada. In ka ga dattijo ya bar hanya mai sauƙi ya nufi mai wuya, kada ladabi ya ɗebe ka, ɗauki takalminka ka bi bayansa. In kuma kuka ya zama dole, to kafin ka buɗe baki, duba abin da hannunka yake danne.